Gwaggo Mai Kaɗanya

Daga Allah muka zo, kuma wurinSa kowa zai tattara ya koma. Gwaggona, yayar mahaifina, ta riga mu tafiya wata Talata da hantsi, a ɗakinta na ƙuryar gidanmu da ke Anguwan Rogo a Jos. Ina gidan aurena a Kaduna Baba ya kira ni a waya. Kafin motarmu ta gama hawo tudun Jos an riga an kai ta makwancinta, sai tabarmin makoki na tarar.

Uku aka shimfiɗa a tsakar gida, amma biyu sun ishi masu zuwa. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa, sannan ta ce, "Allah Ya jiƙanta, mace mai tsabta. Sai dai baki." Matan da ke kusa suka yi murmushi a ɓoye, don kowa ya san ba ƙarya ta yi ba. Wata amarya da ta tare a layinmu kwanan nan ta matso kusa da ni tana tambaya a hankali ko tsohuwar nan ce da ake gani zaune a rana da ƙwarya. Na ce ita ce. Ta ce ai ba ta taɓa jin muryarta ba.

Baba yana zaure tare da maza, bai cika magana ba. Da na shiga gaishe shi sai ya ce, "Shi ke nan, yanzu babu sauran mai ce mini yaro a duniya." Mama kuwa ta ba ni mamaki. Shekara talatin da ɗoriya suna zaune gida ɗaya da Gwaggo, kuma ban san ranar da suka wuni ba su yi cacar baki a kan igiyar shanya ko kwatar ruwa ba. Ita ce ta fi kowa kuka. Ta riƙa cewa, "Yaya ta tafi ta bar mini igiyar. Me zan yi da ita?"

Ranar sadakar uku wata dattijuwa ta tsaya a bakin zaure, da zani da ɗankwali da rigar sanyi, tana jinkirin shigowa. Na gane ta. Kirista ce daga wajen Jos Jarawa, wadda take kawo wa Gwaggo zuma da kaki daga ƙauyensu tun ina ƙarama. Tun bayan rikicin da ya raba unguwannin garin nan ba ta ƙara shigowa layinmu ba, sai dai su haɗu da Gwaggo a kasuwa, su zauna a kan benci ɗaya su yi hira. Mai sayar da kaɗanya ce ta gaya mata rasuwar. Ta cire takalmi ta zauna a gefen tabarma, ta ce da irin Hausarta, "Sannunku fa. Na ji Mama ya mutu, na ce ko menene sai na zo." Ta miƙo mana hannuwanta biyu. "Ku duba. Shekara nawa ina wanke dankali cikin ruwan sanyi, hannu duk ya fashe yana jini. Shi ne ya gyara mini. Allah Ya ba shi hutawa." Ta ɗan jima tana kallon ƙofar ɗakin Gwaggo, ta sha ruwan da aka kawo mata, ta tafi tun rana da sauranta.

Wata kuma ta zo da ban iya haɗa ido da ita ba, wata mai ɗinki daga bayan layinmu, wadda har yanzu akwai ɗan duhu a saman kumatunta. Zan zo kan labarinta, don saboda shi ne ma na ɗauki biro.

Gwaggo ba ta bar ɗa ba, ba ta bar jika ba. Ta haihu sau uku a gidan mijinta, babu wanda ya kai yaye. Da mijin ya rasu sai ta kwaso kwanukanta ta dawo gidan ƙaninta, aka ba ta ɗakin ƙurya. Hotonta ɗaya ne a gidan, na jikin katin zaɓe, ta ɓata rai a ciki kamar mai hoton ya zage ta. Ba ta iya boko ba, kuma ba ta yarda a rubuta haɗinta ba. Idan waɗanda suka san ta suka ƙare, babu abin da zai nuna ta taɓa zama a garin nan. Shi ya sa nake rubuta abin da na riƙe.

Sunan mahaifiyarsu ita da Baba aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, tun ina rarrafe.

Sana'ar man shafawa a wurin surukarta ta koya, wata Banufiya da ta zauna da su. A Jos kuwa mai wannan sana'a ba ya rasa masu nema, don sanyin garin nan ba ya barin fatar kowa lafiya. Leɓe ya tsage, hannu ya yi fari, jarirai su yi ta kuka bayan wanka. Mata suna zuwa daga Ali Kazaure da unguwannin da ke kewaye, da 'yan kwalabensu, su zauna a ƙofar ɗakinta. Ba ta ba mutum mai sai ta ga fatarsa da idonta. Idan aka aiko, sai ta mayar da ɗan aike ta ce mai jikin ta zo da kanta. Takan ce, "Fata ba atamfa ba ce da za a yanko yadi shida a raba wa kowa."

Zuwa kasuwa da ita wahala ne. Bayan na gama sakandare na raka ta sau da yawa, kuma babu ranar da ban ji kunya ba. Za ta tsaya gaban mai kaɗanya, ta gutsiri kaɗan daga tsakiyar curi, don ta ce na gefe ado ne. Ta sa a tafin hannu, ta rufe da ɗaya tafin, ta jira. Idan ya narke ya bi fata, to. Idan ya bar gari-gari ko ya tsaya yana santsi, an yi masa haɗi. Sannan ta sansana. Mai kyau yana da ɗan ƙanshin hayaƙi da na gyaɗa, wanda ya tsufa kuwa yana da wani ɗoyi da ke tsayawa a maƙogwaro. Wata rana wata mai sayarwa ta gaji ta ce, "Haba Hajiya, wannan fa jiya aka sauke shi daga mota."

Gwaggo ta ce, "Jiya aka sauke shi, amma bara aka dafa shi. Kuma wadda ta dafa shi ta tafi gulma ta bar shi ya kama."

Matar ta yi dariya, ta sunkuya ta jawo wani curi daga ƙarƙashin tebur, naɗe cikin ganye. Ta ce dama ta san wannan za a zo a kai. Sai da muka zaga rumfa biyar kafin mu dawo mu saya a wurinta, don Gwaggo ba ta son mai kaya ya ga ta yi saurin yarda.

A gida ba ta ɗora kaɗanya kai tsaye a wuta. Tukunyar ruwa take ɗorawa a kan kurfoti, ta sa kwano a ciki, man ya narke a hankali da zafin ruwan. Ta tace da farin ƙyalle da ba a amfani da shi a komai sai wannan. Sai ta zuba man riɗi don ya yi laushi, idan na leɓe ne ko na tafin hannu ta ƙara ɗan kaki don ya zauna. Daga nan ta juye a ƙwarya, ta zauna a kujera 'yar tsugunne ta kama bugu da muciya, hannu ɗaya, gefe ɗaya, har ya yi fari ya tashi. A lokacin nan ko sallama aka yi da kai take amsawa. Ta ce idan aka bar shi ya huce da kansa tsaki-tsaki yake yi kamar an zuba masa gero. Kuma ba ta yin mai yawa. Abin da zai ƙare a wata ɗaya ko biyu take haɗawa, ko da masu so sun yi layi.

Babban abin da ke tayar mata da hankali shi ne jiƙaƙƙen hannu. Na taɓa fitowa daga wanke-wanke na tsoma yatsa a ƙwaryarta, ta buge mini hannu da bayan ludayi har sai da na yi ƙwalla. Ta ce, "Ruwa ne ajalin mai, Uwata. Digo ɗaya, bayan sati ki buɗe ki ga ya yi fumfuna." Shekaru bayan nan, da na shiga makarantar gaba na karanta kimiyya, na ji malaminmu yana bayanin wannan magana da dogon Turanci. Na dawo na gaya mata da murna. Ta ce a gaishe shi, ashe shi ma yana da hankali.

Masu cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa, da su take faɗa fiye da kowa. Wata uwar amarya ta zo tana so a haɗa wa 'yarta dilka da lemun tsami mai yawa, a sa kurkum da kanumfari, a cika, tunda duk kayan gargajiya ne. Gwaggo ta dube ta ta ce, "Barkono ma kayan gargajiya ne. In kawo ki sa a ido?" Lemun tsami, a wurinta, na kunu ne da wanke tukunya. Man dogon yaro digo biyu ko uku take sawa ga mai ƙuraje, kuma ba ta ba mai ciki ko jariri. Sabulun salo ba ta bayar da shi yadda aka sayo, don ta ce yana da kaifi. Sai ta daka shi, ta kashe kaifin da kaɗanya da zuma, ta ajiye shi ya kwana biyu. Ko wane sabon haɗi, sai ta shafa kaɗan a cikin gwiwar hannun mutum ta ce ya je ya dawo gobe. Idan wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, an fasa. Mutane da yawa sun yi fushi sun tafi saboda wannan jiran na kwana ɗaya. Ba ta taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Abin da ba ta yi ko kusa shi ne man bilicin. Idan mace ta ce tana son mai sa haske, sai ta nuna mata ƙwan lantarki ta ce ga shi can. Irin wannan baki ne ya sa ake tsoronta. Ba ta iya lallashi ba, kuma idan ta yanke magana ko Baba bai isa ya sa ta sauya ba.

Yanzu na zo kan abin da na daɗe ina kewayewa.

Bayan na gama karatu na zauna babu aiki, sai na fara tallan man Gwaggo a waya. Na sayo robobi masu kyau, na buga takarda na liƙa a jiki, an rubuta Haɗin Gwaggo, na gargajiya zalla. Ba ta so ba da farko, amma da ta ga ina tashi da safe da abin yi sai ta ƙyale ni. Takan cika mini ƙwarya guda, ni kuma in ɗura a ɗakina. Ciniki ya fara tafiya, amma kusan duk wadda ta yi mini magana tambayarta ɗaya ce, yana sa haske? Idan na ce a'a, ba ta ƙara dawowa. Ina ganin sa'o'ina masu irin wannan sana'a suna gaba, ni ina nan.

Akwai wani mai shagon kayan kwalliya a kasuwa da ya nuna mini wani farin gari a leda, babu suna a jiki. Ya ce cokali ɗaya a roba ya isa, kowa haka yake yi, har masu rantsuwa da kayan gargajiya. Na karanta kimiyya, na san abin da irin wannan gari ke yi wa fata. Ba zan ce ban sani ba. Na saya, na riƙa haɗawa a ɗakina bayan na rufe ƙofa, takardar jikin robar kuma ban sauya ta ba.

Mai ɗinkin nan tana cikin waɗanda suka fara saya. Kekenta a ƙofar gida yake, rana na dukanta tun safe. Wata biyu na farko ta yi ta yi mini godiya, ta yi fari har ana tambayarta sirrin. A wata na huɗu fuskarta ta fara ja, ƙuraje suka feso, saman kumatunta ya yi baƙi kamar an ɗora mata guga. Wata safiya suka shigo gidanmu ita da yayar mijinta, robar na hannun yayar. Muryar yayar ta tara mata kafin su kai tsakar gida.

"Ina tsohuwar? Ta fito ta ga aikinta. Shekara da shekaru tana zagin masu bilicin, ashe ita ce uwarsu."

Gwaggo ta fito tana gyara ɗankwali. Ta karɓi robar, ta buɗe, ta sansana. Ta lakaci kaɗan ta murza a tsintsiyar hannunta, ta ɗaga wa haske. Ina tsaye a ƙofar kicin da tsintsiya a hannu. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ba ta daɗe ba. Sannan ta juya ga matan ta ce, "Daga ɗakina ya fito. Laifina ne. Ku yi haƙuri."

Yayar mijin ta faɗi duk abin da ya zo bakinta. Gwaggo, wadda ba a taɓa gaya mata ɗaya ba ta mayar da uku ba, ta tsaya kanta a ƙasa har matar ta gaji. Ni kuwa ban buɗe baki ba. Na so in yi magana, amma na tuna an sa ranar aurena saura wata biyu, kuma dangin mijin da zan aura suna da 'yan'uwa a layin nan. Na ci gaba da riƙe tsintsiyata.

Da aka watse ta shiga ɗakinta, na bi ta. Na fara da kare kaina, don kunya ta hana ni fara da ban haƙuri. Na ce, "Gwaggo, kowa fa haka yake yi yanzu. Mata haske suke so. Idan ban sa ba babu mai saya."

Ta ce, "Ke."

Ban taɓa jin ta kira ni haka ba.

"Da sunanki kika sa a jiki, da na ce yarinya ta yi wauta. Nawa kika sa. Matar nan ba don ke ta shafa a fuskarta ba, don ni ta shafa, ko gwaji ba ta yi ba saboda ta yarda da hannuna."

Na ce, "To me ya sa kika ce ke ce?"

Ta ce, "Ni na gama aure. Ke ba ki fara ba. Kawo mini ƙwaryata."

Na kawo. Ta karɓa ta kife a kan randa, ta juya mini baya. Ranar na zubar da sauran robobin a kwata, na gaya wa masu saya a waya cewa kaya sun ƙare. Iyakar jaruntakata ke nan.

Abin da ta yi bayan nan sai daga baya na ji yawancinsa a bakin Mama. Washegari da safe ta ɗauki mayafi ta tafi gidan mai ɗinkin. Aka ƙi amsa mata sallama. Ta koma jibi, ta koma gata, har aka bar ta ta shiga. Ta hana ta shafa komai sai tsurar kaɗanya da ta tace sau biyu, da ruwan ɗumi. Ta sa aka janye keken ɗinkin daga rana zuwa inuwa. Sannan ita da ba ta son warin asibiti, wadda ko ciwon haƙori ba ya kai ta, ta tare keken haya ta raka matar wurin likitan fata, ta zauna a layi tun safe har azahar. Mama ta tambaye ta yaushe ta fara yarda da likitoci. Ta ce abin da kwalba ta ɓata, masu kwalba ne suka san kansa, ita nata taimako ne kawai. Wata shida tana wannan zirga-zirga. Fuskar ta lafa, ƙurajen suka mutu, duhun ya ragu amma bai tafi duka ba.

Labari kuwa ya riga ya zaga. Masu zuwa da kwalabe suka ragu, suka ragu, har ƙofar ɗakinta ta zama babu kowa sai kaji. Wasu tsofaffin da suka san ta ba su yarda da zancen ba, amma tsofaffi mutuwa suke yi, ko ƙafa ta hana su fita. 'Yan matan da suka taso kuma a waya suke sayen nasu. Ba ta daina haɗawa ba. Ta koma yin ɗan kaɗan a ƙoƙo, ta zauna a rana ta buga shi har ya yi fari, ta rufe da faifai. Idan ya kusa tsufa babu wanda ya zo, sai ta bayar a masallacin mata a raba wa masu jarirai, ta sake sabo.

An yi bikina ba ta yi mini dilka ba. Wata aka ɗauko daga wata unguwa. Gwaggo ta fito ta zauna cikin mata, ta yi addu'a da aka zo tafiya da ni, amma ba ta kama hannuna ba. Na tafi Kaduna. Idan na kira Mama nakan ce a gaishe ta, Mama ta ce tana amsawa. Ban sani ba ko tana amsawar. Haka muka yi shekara biyu.

Da na haifi 'yata ta fari, Mama ta zo wankan jego. Tana kwance kaya sai ta fito da wani ƙoƙo ɗaure cikin ƙyalle ta ajiye a gabana. Ban buɗe ba na san mene ne. Na tambaya ko ta ba da saƙo. Mama ta ce, "Ta ce a shafa wa jaririya bayan wanka, jikinta da ɗan danshi, kada a kai kusa da cibiya. Kuma ta ce a gaya wa Uwata ta busar da hannu kafin ta taɓa." Na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da ya kamata.

Mai ɗinkin ta san gaskiya tun da daɗewa, tunda daga hannuna ta karɓi robar. Ranar makoki da za ta tafi ta tsaya kusa da ni ta ce, "Gwaggo ta roƙe ni kada in faɗa, ban faɗa ba. Allah Ya ba mu haƙuri." Baba bai sani ba har yau, haka mijina. Za su gani a nan, tare da duk wanda ya taɓa jin cewa Gwaggo mai kaɗanya ta ha'inci mutane. Ba ta taɓa ba. Ni ce na zuba garin, ita ta ɗauki sunan, ta tafi da shi har kabari.

Ganina da ita na ƙarshe wata uku ne kafin rasuwarta, lokacin sanyi. Na zo Jos da yara, na shiga gaishe ta da hantsi. Tana zaune a bakin gado da rigar sanyi biyu, ta rame, bayanta ya ranƙwafa. Muka gaisa, ta tambayi mai gidana da yara ɗaya bayan ɗaya. Da ta motsa za ta gyara zama sai zaninta ya ja sama, na ga ƙafafunta. Dugaduganta sun yi faso, sun tsage har ana ganin ja a ciki, ƙwaurinta ya yi fari fat yana ɓarewa. Ga ƙoƙon mai a kan taga, cike, ko taku biyu babu tsakaninsu.

Na ce, "Gwaggo, me ya sami ƙafarki? Ga mai a ajiye."

Ta ja zanin ta rufe. Ta ce, "Bayan ne ba ya lanƙwasuwa. Hannuna iyakarsa gwiwa."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ba ki gaya wa Mama ba?"

Ta ce, "Kowa da hidimarsa. Ƙafa kuma ba ta magana."

Na fita na ɗora ruwa, na kawo a baho da ɗumi. Na zauna a ƙasa na sa ƙafafunta a ciki. Ta so ta hana, ta ce zan ɓata zanina, amma ba ta janye ba. Na jiƙa su har suka yi laushi, na goge a hankali, na tsane da tawul. Na goge hannuwana sosai, na nuna mata gaba da baya. Ta gyaɗa kai. Na lakato man zan kai ƙafar sai ta ce, "Kin yi sauri. Bari ya narke a tafinki tukuna."

Na rufe shi da ɗaya tafin na jira. Ana jin ƙarar kekuna a titi da muryar yarana a tsakar gida. Da ya narke na fara daga dunduniya, ina bi tsaga-tsaga, na hau ƙwauri. Kaina a sunkuye na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Na ji tafinta a kan ɗankwalina, mara nauyi. Ta ce, "Tuni, Uwata. Shafa ɗayar."

Na shafa ɗayar. Na sa mata safa, na ja mata bargo. Ta jingina da bango ta lumshe ido, ta ce rabon da wani ya taɓa mata ƙafa tun tana amarya. Na yi mata alkawari zan dawo da ƙaramar salla in sake yi mata. Ta ce Allah Ya kai mu. Bai kai mu tare ba.

Ya Allah, ga baiwarKa nan ta zo maKa ita kaɗai, kamar yadda ta zauna a cikinmu. Ka yafe mata kaifin harshenta, Ka sanyaya mata makwanci, Ka haɗa ta da 'ya'yanta uku da suka riga ta. Wanda duk ya karanta wannan, idan hannunta ya taɓa sauka a fatarsa ko ta ɗansa, ina roƙonsa ya yi mata addu'a, ya kuma gaya wa na kusa da shi cewa man Gwaggo tsarkakakke ne.